Saint-Véran, garin da ƙanƙara ta zama gonarsa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Labarin da na zo muku da shi a wannan mako na wani ɗan gari ne da ke can kudu maso gabashin Faransa, cikin duwatsun Alpes, dab da iyakar Italiya. Sunansa Saint-Véran, a yankin da ake kira Queyras, cikin jihar Hautes-Alpes. Wurin da aka kafa shi ya ɗara bakin teku da metir 2.042. Domin mai karatu ya gane, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, can Bagzan cikin Abzin, metir 2.022 gare shi. Ke nan mai shara a ƙofar gidansa a Saint-Véran ya fi wanda ya hau ƙololuwar Bagzan kusa da sama. Shi ya sa ake yi wa garin kirari da cewa nan ne zakaru ke tsattsagar taurari.

Cikin watan Janairu na tashi daga birnin Pari, a jirgin ƙasa na dare mai zuwa Briançon. Gari na wayewa na sauka a tashar Montdauphin-Guillestre, na shiga kar. Tafiyar ta fi kilometir 30, kuma duk hawa ne. Hanyar ta bi gefen kogin Guil, dutse a wannan hannu, rami mai zurfi a wancan, wani wuri ma sai an kutsa ta cikin dutsen da aka huda. Da sanyi, wannan ita kaɗai ce ƙofar Queyras. Mashigin Izoard, mai metir 2.360, da na Agnel da ke fita Italiya, mai metir 2.744, duk ƙanƙara kan rufe su har sai bazarar Turai ta yi nisa.

Da na sauko daga kar, sanyi ya mare ni, har na tuna da kukan da mu ke yi da ɗarin Agadas, na yi wa kaina dariya. Amma sama garau ta ke, rana na haskawa, ƙanƙara na ƙyalli har sai mutum ya runtse ido. Gidajen garin sun jeru a gefen tsauni, duk sun fuskanci kudu, kamar tsofaffi masu shan hantsi. Ƙasan kowane tsohon gida na dutse ne mai kauri. Samansa kuwa gumagumai ne na wani itace da su ke kira mélèze, an ɗora wani bisa wani, an bar ƴan kafofi domin iska ta riƙa busar da ciyawa da hatsi. Wannan shi ne rumbunsu. An raba garin unguwa-unguwa, an bar fili tsakani saboda gudun gobara, kuma a da kowace unguwa na da kwamin ruwanta da tanderun gasa burodinta.

Mai masaukina, wani dattijo haifaffen garin, shi ya kai ni wani gida da aka gina a 1641, wanda aka mayar gidan tarihi. A nan na ga yadda kakanninsa suka rayu. Idan sanyi ya kama, mutane da shanu ɗaki ɗaya su ke kwana: gado a wannan kusurwa, turke a waccan, ɗumin jikin dabba shi ne wutar jin ɗumin iyali. Burodin da su ke yi da wani hatsi ɗan uwan alkama, a kan gasa shi da yawa a ajiye har watanni, ya bushe kamar dutse, sai an sare shi an jiƙa a romo ko madara. Suna da karin magana mai cewa shekararsu wata bakwai ne na sanyi, wata biyar na azaba. Azabar kuwa ita ce ta aiki, domin cikin waɗannan watanni biyar za a yi shuka, a yi girbi, a yanka ciyawar da za ta riƙe dabbobi, a tara itacen wuta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin mazajensu. Da zarar an shigar da amfanin gona, sai majiya ƙarfi su ɗauki ƙunshinsu su gangara, domin a rage bakin ci a gida, a kuma samo ɗan abin biyan haraji. Wasu talla su ke yi ƙauye-ƙauye, wasu ƙodago a birane irin su Marsai. Wasu kuwa karatu su ke sayarwa, domin mutanen wannan yanki sun yi suna da ilimi tun da daɗewa. Malami kan tsaya a kasuwa da gashin tsuntsu soke a hularsa: ɗaya, yana koyar da karatu, biyu, har da lissafi, uku, har da Latin. Victor Hugo ma ya ambaci malaman Queyras cikin littafinsa Les Misérables na 1862. Mutumin Adar ko na Damagaram ba ya bukatar a fassara masa wannan. Cin rani ne, sai dai nasu na sanyi ne. Kuma kamar yadda mu ma muka sani, ba duk wanda ya tafi biɗa ke dawowa ba. Sannu a hankali garin ya zube, har yau mazaunansa na dindindin ba su kai 300 ba.

Abin da ya tsayar da sauran shi ne wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda Turawa ke kira siki. Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu sirara a ƙafa, ya riƙe sanda biyu, ya sulalo daga kan tsauni. Domin kada ya sha wahalar hawa, an kafa turakun ƙarfe, an ja igiya, an rataya kujeru masu kai mutane sama. Saint-Véran da maƙwabcinsa Molines sun haɗa filin zamiya guda. Daga Disamba zuwa ƙarshen Maris baƙi kan cika garin, musamman cikin Fabrairu, lokacin hutun ƴan lakkwal, wanda gwamnatin Faransa ta raba shiyya uku domin kada kowa ya zo lokaci ɗaya. Watannin da a da ke korar maza daga gida, yau su ne kakarsu.

Ranar aiki a nan tun da duhu ta ke farawa. Cikin dare wasu manyan motoci masu kama da katafila kan bi hanyoyin zamiya suna daddaɓe ƙanƙara. Da asuba, in an kwana ana zuba sabuwa, masu tsaron tsauni kan hau su tayar da nakiya, domin wadda ta taru ta zabtare tun babu kowa a ƙasa. Mai motar share hanya ya wuce, mai burodi ya buɗe, malaman siki su fito da jajayen rigunansu, yara ƙanana na biye da su a jere kamar ƴan agwagwa. Kusan kowa sana'a biyu gare shi. Wanda ke tsaron kujerun igiya da sanyi, shi ne magini ko makiyayi da bazara. Akwai ma wanda kan tatsi shanunsa da safe kafin ya tafi koyar da baƙi. Madarar kuwa da ita ake yin cukunsu, mai laushi da ɗigon shuɗi, ba busasshe irin namu ba.

Idan rana ta faɗi, dare ya yi tsawo, kowa ya koma ga abin da ransa ke so. Mai masaukina sassaƙa ce tasa. Da ƴar wuƙa ya ke zana furanni masu kama da rana a kan akwatuna da cokula, kamar yadda masu zanen ƙwarya ke yi a wajenmu. Wannan sana'a ta taɓa zama maganin tafiya biɗa: a 1920 aka kafa wata ƙungiyar masu sassaƙa kayan wasan yara a Arvieux, cikin wannan yanki, domin maza su sami aikin sanyi a gida. Wasu kuma agogon rana su ke gyarawa, wato zane a jikin bango da sandar ƙarfe, inuwarta na nuna lokaci. Garin na da su da yawa, har da na wani mai zane ɗan Italiya, Zarbula, na ƙarni na 19. Wasu taurari ne abin sha'awarsu. A kan dutsen Château-Renard, wajen metir 2.930, akwai ɗakin hangen taurari da aka gina a 1974, wanda yau masu sha'awa ke kula da shi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gidaje da yawa sun koma hannun mutanen birni masu zuwa hutu, tagoginsu a rufe mafi yawan shekara, kuɗin gida ya yi tsadar da saurayin garin ba ya iya saye. Yaro in ya gama firamare sai ya gangara Guillestre. Ranar da baƙi suka watse, garin kan yi tsit. A sanyin 2020 zuwa 2021, saboda annobar Korona, gwamnati ta hana kujerun igiya aiki a Faransa baki ɗaya, mutane suka ga abin da ake nufi da rataya tuwo ga igiya guda.

Babbar fargabar kuwa ita ce ƙanƙarar kanta. Zafin duwatsun Alpes ya ƙaru da kimanin digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19. Filin siki na Céüse, a wannan jiha, ya daina aiki a 2018 saboda ƙarancinta. A Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗin gwamnatin Faransa ta fitar da rahoto mai gargaɗi cewa tattalin arzikin da ya dogara ga siki ya fara gajiya. Akwai injuna masu fesa ruwa ya daskare, amma su ma sai da ruwa, da wuta, da dare mai tsananin sanyi. Tsawon Saint-Véran na ba shi kariya fiye da na ƙasa da shi. Duk da haka na ga mai masaukina kowace safiya ya fito ya ɗaga kai yana duban gizagizai, daidai yadda manomin Maradi ke duban gabas a farkon damana.

Abin da na ƙullo daga wannan tafiya shi ne, ba kirari ke riƙe matashi a garinsu ba, aikin yi ne a lokacin da gona ta huta. Su sun samo nasu daga abin da ya fi cutar da kakanninsu, ga shi yanzu suna neman na biyu tun kafin na farko ya kuɓuce. Mu ma da muka rungumi noman rani bayan farin 1984 mun san ɗanɗanon wannan. Allah ya ba su ƙanƙara mai albarka, mu kuma ya ba mu damana mai albarka. Sai wani jiƙon.