Ƙofar da aka sa wa riga

A birnin Pari, babban birnin Faransa, akwai wata ƙatuwar ƙofa ta dutse. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙyaure. Tana tsaye ita kaɗai a inda manyan hanyoyi 12 suka haɗu. Da faransanci sunanta Arc de Triomphe, wato Ƙofar Nasara. Sarki Napoliyon ne ya sa aka fara gina ta a shekarar 1806 don girmama sojojinsa, amma ba a gama ba sai 1836, bayan ya rasu. Tsayinta ya kai kusan mita 50.

Mutanen Pari sun saba da ita ƙwarai. Baƙo ne ke tsayawa ya ɗaga kai. Ɗan gari kuwa sai ya kewaye ta da mota, yana gunagunin cunkoso, ko kallo ba ta ishe shi ba.

A watan Satumba na 2021 sai aka lulluɓe ta tun daga sama har ƙasa. Ma'aikata sun rataya da igiya suna warware yadi mai faɗin murabba'in mita dubu 25, sannan aka ɗaure shi da jar igiya mai tsawon mita dubu 3. Kafin nan an kafa ƙarafa a kan siffofin da aka sassaƙa jikin ƙofar, don kada yadin ya goge su.

Kallo kyauta ne, ba a biyan ko dala. Ran Asabar da Lahadi aka hana motoci shiga dandalin, mutane suka riƙa tafiya a ƙasa inda da ba mai iya ƙetarawa. Wanda ya hango ƙofar daga nesa sai ya ga kamar tsauni na azurfa. In ya matso, sai ya ga shuɗi yana leƙowa daga cikin saƙar. In ya kai hannu, sai ya ji kaushi, don kuwa zaren irin na robar nan ne da ake saƙa buhun shinkafa da ita. Da iska ta taso, rigar duka sai ta motsa, ka ce dutsen ne ke numfashi. Akwai samari da ƴan mata masu yi wa jama'a bayani, suna ba su ɗan ƙyalle na irin yadin su tafi da shi gida. Ƴan garin da suka daina kallon ƙofar, ga su sun zo suna gardama a kan abin da ke ƙarƙashin rigar.

Mutum biyu ne suka yi wannan tunani, miji da mata: Christo, ɗan ƙasar Bulgariya, da Jeanne-Claude, Bafaransa da aka haifa a Maroko. Rana ɗaya aka haife su, 13 ga watan Yuni 1935. Tun 1962 Christo ya haɗa hoton ƙofar a lulluɓe, amma sai da aka yi kusan shekara 60 kafin abin ya tabbata. Ba wanda ya gani cikinsu. Matar ta rasu a 2009, mijin a 2020. Ɗan ɗan'uwan Christo da abokan aikinsa ne suka cika musu buri. Aikin ya ci miliyan 14 na yuro, wato sama da miliyar 9 na sefa, kuma ba kuɗin gwamnati a ciki: zane-zanen Christo aka sayar aka biya.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wasu sun ce ɓarnar dukiya ce. Wasu sun ce raini ne, kuma maganarsu abin saurare ce, domin a ƙarƙashin ƙofar akwai kabarin wani soja da ya mutu a yaƙin duniya na farko, ba a san sunansa ba. Tun 1923 wuta ke ci a kan kabarin. Amma ba a rufe shi ba. Kullum ƙarfe shida da rabi na yamma sai aka zo aka ƙara hura wutar kamar yadda aka saba, yadi yana kaɗawa a bisa kawunan mutane.

Kwana 16 ƙofar ta yi da rigarta, daga 18 ga Satumba zuwa 3 ga Oktoba. Daga nan aka kwance igiya, aka sauke yadi, aka kwashe shi don a sake sarrafa shi. Motoci suka koma kewayensu.