Ranar da Baba ya fara zagaya mota

Shekara ashirin Babanmu ya yi yana hawa babur kafin ya sayi ƙaramar mota 'yar Kwatano. Ranar da aka kawo ta Gafasa, mu 'ya'yan gidan ba mu ci abincin dare ba don murna. Mun wanke ta sau biyu, muka yi ta rigima a kan wanda zai zauna a gaba.

Sai dai mallakar mota daban, iya ta daban. Wani direba abokin Baba ne ya riƙa koya masa da yamma a filin ƙwallo. Da ya saki kuloci da sauri sai ta yi tsalle ta mutu, mu kuwa mu ɓoye fuska muna dariya. Ya ce mana a kan babur yana ganin tayarsa ta gaba, amma a mota ɓangaren dama kamar gidan maƙwabci yake gare shi. Ya manna jan harafin L gaba da baya, bai ji kunya ba.

Bayan wata biyu hannunsa ya faɗa. Ya kai mu Gaya, ya bi ta Wudil ranar Juma'a, kasuwa na ci, shanu da manyan motoci sun cika hanya, ya haye gada lafiya. Muka ce ai Baba ya gama ƙwarewa.

A makon ne abin ya faru. Da safe ya makara, ya shiga ya sa ribas bai dubi baya ba. Autarmu, 'yar shekara 3, ta tsuguna a bayan motar tana wasan ƙasa. Madubi ba ya nuna abin da yake ƙasa da but. Mu da muke zaure ne muka gan ta, muka ƙwalla ihu tare. Ya taka birki, tsakaninta da taya bai kai taku ɗaya ba.

Baba ya fito ya ɗauke ta, jikinsa na rawa. Ranar a babur ya tafi aiki.

Tun daga nan ba ya tayar da mota sai ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya tambaye mu, "Ina Auta?" Ko ana ruwa haka yake yi.

Da can muna shirin roƙonsa ya bar mu mu ɗan juya sitiyari, tunda wasu sa'anninmu na satar makullin iyayensu. Da muka yi maganar sai ya ce, "Ni da furfurata kun ga abin da ya kusa faruwa." Ya bayyana mana cewa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 18 lasisi ba, kuma sai an bi ta makarantar koyon tuƙi.

Mun haƙura. Yanzu aikinmu duba mai da ruwa da iskar taya, da kore yara da awaki kafin ya fita. Babbanmu saura shekara biyu ya kai 18. Baba ya yi masa alkawari, amma ya ce darasin farko zagaya mota ne.