Yadda muka zaɓi jakar barci don tafiyar mako guda a ƙafa

Mu huɗu ne muke karatu a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, kuma tun shekararmu ta farko muke da burin taka wata hanya da ake kira West Highland Way. Hanya ce ta masu tafiya a ƙafa, tsawonta kilomita 154. Ta tashi daga garin Milngavie da ke gefen Gilasgo, ta ƙare a Fort William, gindin Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya. Mai son kwana a daji dole ya goya tantinsa da tufafinsa da ɗan abincinsa a bayansa har kwana bakwai. A cikin kayan nan duka, babu wanda ya ci mana lokaci da gardama kamar jakar barci.

Ƙannenmu da ba su taɓa ganinta ba, ku ɗauka bargo ne aka ɗinke shi kamar buhu, aka sa masa zif, mutum ya shige ciki ya bar fuska kawai a waje. Wadda muke nema ita ce wadda 'yan kasuwa ke cewa ta yanayi uku. A nan shekara kashi huɗu ce, kuma jakar yanayi uku tana aiki a dukkansu in ban da lokacin ƙanƙara mai tsanani. Kada sunan ya ruɗe ku. A watan Afrilu ko Mayu ma, dare a kan tuddan Sikotilan yana iya kaiwa digiri sifili ko ƙasa da haka. Ku tuna daren hunturun da ya fi gallaza muku a ɗakin kwanan makaranta. A Kano da wuya irin wannan dare ya sauka ƙasa da digiri 10. To mutumin da bai runtsa ba saboda makyarkyata, gobe kuma kilomita 20 na jiransa da kaya a baya, ko dai ya koma gida ko ya zama nauyi ga abokan tafiya.

Abin da malamin kimiyya yake faɗa muku a aji shi ne tushen maganar: iska ba ta saurin wuce da zafi. Jakar ba ta da wani ɗumi nata. Jikinka ne murhun, ita kuwa tana tsare iskar da ka ɗumama ne don kada ta gudu. Shi ya sa ake cika ta da lallausan gashin nan na ƙirjin agwagwa ko dinya, wanda ke ƙarƙashin manyan gashin, mai kama da audugar rimi. Ana gwada ingancinsa da yadda yake kumbura. In an rubuta 600, ana nufin giram 28 nasa yana cika wuri kusan lita 10. In 800 ne, giram 28 ɗin ya cika lita 13. Mai lamba babba ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Mu ɗalibai ne, kuɗin da muka tara na aikin ƙarshen mako ne, don haka a kan 650 zuwa 700 muka tsaya.

Akwai kuma lambobi uku na sanyi da ake bugawa a jikin jaka mai kyau. Ana samo su ne a ɗakin gwaji, inda ake kwantar da mutum-mutumi mai ɗumin jiki a cikinta, bisa wata ƙa'ida mai suna ISO 23537. Ta farko ita ce sanyin da mace za ta yi barci a sake cikinsa. Ta biyu sanyin da namiji zai iya barci in ya dunƙule. Ta uku kuwa ta ceton rai ce kawai, wato ba za ka mutu ba amma ba za ka yi barci ba. Wasu masu sayarwa lambar da ta fi burgewa suke bugawa da manyan baƙaƙe. Mu da muka tashi cikin zafin rana, ta farkon muka bi, ko da yake duk maza ne. Muka nemi wadda ta ce digiri sifili ko ƙasa kaɗan.

Duk wannan a takarda aka gama shi. Inda aka yi ta ja shi ne faɗi.

Yawancin jakunkunan masu hawa dutse an ɗinka su ne su bi jiki, da faɗi a kafaɗa da tsukewa a ƙafa, har da hula. Dalili kuwa, duk wurin da ya rage babu kowa a ciki, iska ce da jikinka zai sha wahalar ɗumamawa, kuma ƙarin yadi da gashi ne da za ka goya. Biyu daga cikinmu sirara ne masu kwanciya rigingine, suka shiga irin wannan suka ce madalla. Amma akwai wanda muke kira Ƙato, mai faɗin ƙirji, wanda a gefe yake kwana ya naɗe gwiwa ɗaya sama. Da ya shiga a kantin muka ja masa zif, sai muka ga kafaɗarsa da gwiwarsa sun turo yadin har gashin ya lafe a wurin. Mai kantin, wata dattijuwa, ta ɗora yatsa a kan gwiwar ta ce, "Ta nan sanyi zai shiga." Gashin da aka danne ba ya riƙe iska. Ashe matsattsiyar jaka ma sanyi take kawowa, kamar dai wadda ta yi yawa.

Sai muka koma ga awo irin na tela. Yawancin kamfanoni suna rubuta kewayen jaka ta wajen kafaɗa. Na gama-gari yana kusa da santimita 150 zuwa 160, masu faɗi kuma su kai 165 ko fiye. Muka sayi tef ɗin awo, kowa ya sa rigar sanyin da zai kwana da ita, aka auna shi ta kan kafaɗa da hannuwa. Daga nan muka koma kantin. Kowa ya cire takalmi ya kwanta a ƙasa cikin jakar, ya juya dama da hagu, ya naɗe ƙafa, ya gwada ko hannunsa zai kai ga zif daga ciki. Kunya ta so ta hana mu, mutane na wucewa suna kallo, amma kuɗin da za ka biya ya fi ƙarfin kunya.

Ra'ayinmu bayan wannan gwaji shi ne a nemi faɗin da mutum zai juya ba tare da ya danne gashin ba, kada a ƙara ko taki ɗaya. Ƙato ya ɗauki mai buɗaɗɗen wuri a gwiwa da gwiwar hannu, ya yarda zai goyi ƙarin giram kusan 200. Na huɗunmu gajere ne, sai ya nemi gajeriyar jaka, don tsawon da ya wuce ƙafa shi ma ramin sanyi ne. Mai faɗi sosai ɗin nan mai kusurwa huɗu, wadda ta fi kowace daɗin kwanciya a kanti, ta masu zuwa daji da mota ce, ko kallo na biyu ba mu yi mata ba.

Gashin agwagwa yana da aibi guda babba: in ya jiƙe sai ya cure, ɗuminsa ya tafi, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Yammacin Sikotilan kuwa gidan ruwan sama ne. Saboda haka kowa ya sayi jakar da ruwa ba ya ratsa ta, yana cusa ta barcin a ciki kafin ta shiga jakar goyo. Haka nan gashin da ke ƙarƙashin bayanka a danne yake duk dare, don haka dole a haɗa da 'yar katifar iska, in ba haka ba ƙasa ta zuƙe maka ɗumi komai tsadar jakarka.

Daren da ya fi sanyi a tafiyar mun yi shi ne bayan mun ratsa fadamar Rannoch, wani fili mai faɗi da babu abin da ke tare iska. Da muka fito sallar asuba, raɓa ta daskare a jikin tanti har tana ƙara in ka taɓa. Ƙato sai da muka girgiza shi sau uku kafin ya farka. Da muka dawo Gilasgo, kowa ya zazzage jakarsa ya shanya, sannan ya ajiye ta a sake cikin babban buhun yadi a ƙarƙashin gado, domin gashin da ya yi watanni a matse ba ya ƙara kumbura kamar da.