Bayreuth, Garin Da Ba A Kiran Suna A Aji

Bayreuth ƙaramin gari ne a arewacin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, mutanensa ba su kai dubu 80 ba. Masu kiɗan Turawa sun san shi saboda bikin Wagner da ake yi duk shekara, mu kuwa abin da ke kai mu can jami'arsa ce, wadda aka buɗe a 1975, ta kuma yi suna wajen nazarin Afirka. A nan ne Ulli Beier, Bajamushen nan da ya daɗe a ƙasar Yarbawa, ya kafa gidan adana fasahar Afirka na Iwalewahaus a 1981. Na sauka wurin wani ƙanena da ke karatun digiri na biyu, kuma da yake ni ma na taɓa alli, sai na riƙa bin sa aji don in ga yadda suke yi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu takardar sa hannu. Malama ta shigo da kwata bayan lokacin da aka rubuta a jadawali, wanda tsohuwar al'ada ce a jami'o'insu ba latti ba, ta yi bayaninta, ta gama. Ɗalibai suka ƙwanƙwasa tebura da bayan yatsu, tafinsu ke nan, kowa ya kama gabansa. Ba ta tambayi wanda bai zo ba. Na ce wa ƙanena, "To kai wa ya san ka zo?" Ya ce, "Yaya, ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya damu." A yawancin manyan laccoci haka abin yake. Inda ake matsawa shi ne ɗakin gwaje-gwaje, da ajin koyon harshe, da wasu ƙananan azuzuwan tattaunawa. Har muhawara suke yi a kan ko jami'a na da ikon tilasta wa baligi zama a aji: jihar da birnin Bonn yake ciki ta hana tilastawar da doka a 2014, sannan sabuwar gwamnati ta mayar wa jami'o'i da ikon a 2019. Mu da muka saba da cewa sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ka ka shiga jarrabawa, da abokin da ke sa maka hannu ranar da ka makara, wannan sai ya yi mana kama da sakaci.

Ba sakaci ba ne, an ɗage hisabin ne zuwa ƙarshe. Kai za ka yi wa kanka rajistar jarrabawa kafin wa'adi ya cika. In ka manta, sai wani zangon. In ka yi rajista ba ka zo ba, kuma babu takardar likita, an rubuta maka faɗuwa. A darussa da yawa babu gwajin tsakiyar zango, babu makin halarta da zai tallafe ka, jarrabawa ɗaya ce ko takarda ɗaya, ita ce duka. Kuma a fannoni da dama ana ba ka dama uku ne kawai. Wanda ya faɗi darasi na dole a karo na uku, ba wannan jami'ar kaɗai ya rasa ba, a ƙa'ida fannin ne aka rufe masa a faɗin ƙasar. Ɗan gida da ya saba jan darasin da ya faɗi shekara bayan shekara ya kamata ya san wannan tun kafin ya nemi biza.

Makin nasu ma a juye yake. 1.0 shi ne ƙoli, sai 1.3, 1.7, 2.0, a haka har 4.0, wanda shi ne tsira da ƙyar. 5.0 faɗuwa ce. Ƙanena ya ce da ya gaya wa Hajiyarmu ta waya ya sami 1.7 sai ta yi shiru, sannan ta ce Allah Ya kawo sa'a a gaba, don ta san ɗan maƙwabcinmu da aka yi wa walima a kan 4.6. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ɗalibi na da haƙƙin ganin takardarsa bayan an duba. Ana sa rana, ka zauna, ka ga inda aka rage maka, in kana da ja ka yi. Da mun ari wannan kaɗai, rabin zargin da ɗalibanmu ke yi wa malamai da ya mutu, sauran rabin kuma da ya tabbata.

Amma wurin da ba su da wasa ko kaɗan shi ne satar rubutu. A ƙarshen kowane kundi, har da ƙananan takardun zango a sassa da yawa, akwai shafin da ɗalibi ke sa hannu cewa shi ya rubuta da kansa, bai yi amfani da wata madogara ba sai wadda ya ambata. Jimlar wani in ka ɗauko dole ka nuna ta wane ce. Ko ka sauya kalmomin, ra'ayin dai nasa ne, sai ka faɗa. Na ji wasu 'yan uwanmu na cewa wannan fitinar Turawa ce. Ban yarda ba. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san ba a jefo magana haka kawai, sai an ce wane ya faɗa a littafi kaza, daga wane, daga wane. Isnadi mun riga su saninsa. A boko ne muka koyi haddace takardun da malami ya sayar mana mu mayar masa kalma da kalma, har ya ba mu maki don mun kwafe shi daidai.

Bayreuth kuwa ta san zafin wannan al'amari fiye da kowace jami'a a Jamus. Ita ce ta ba Karl-Theodor zu Guttenberg digirin dakta a fannin shari'a, da daraja mafi girma. A farkon 2011 shi ne ministan tsaro, matashi, ɗan gidan sarauta, ana yi masa kallon shugaban gwamnati na gobe. Sai wani farfesan shari'a na Bremen, Andreas Fischer-Lescano, da ke nazarin littafin ya ci karo da sassan da aka ɗebo daga wasu wurare ba tare da ambato ba. Jarida ta buga a tsakiyar Fabrairu. Jama'a suka taru a intanet suna bin kundin shafi-shafi, suka gano kwafe a mafi yawan shafukansa, har gabatarwar ma daga maƙalar wata jarida aka ɗauko farkonta. Ranar 23 ga Fabrairu jami'ar ta karɓe digirin. Shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta so ta kare shi, tana nuna cewa minista ta ɗauka ba mataimakin bincike ba, sai dubban masu karatun dakta suka rubuta mata buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ranar 1 ga Maris ya ajiye aiki.

Bai tsaya a kansa ba. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta karɓe digirin Annette Schavan, ministar ilimi da kanta, a kan kundin da ta rubuta tun 1980. Shekara 33 ba su binne maganar ba, ita ma ta sauka. Wani abin da ke ƙara wa lamarin nauyi shi ne a Jamus ana iya rubuta maka dakta a fasfo da katin shaida, har a jikin ƙofar gida, don haka cire shi ba ya ɓoyuwa.

Kada dai a ɗauka Jamusawa waliyyai ne. Kundin Guttenberg ya bi ta hannun manyan farfesoshi suka yaba masa, sai daga baya wani daga waje ya gani. 'Yancin rashin zuwa aji kuma yana cinye wasu: ƙanena ya nuna mini wani ɗan Afirka ta Yamma da aikin dare a ɗakin ajiyar kaya ya janye shi daga karatu, babu wanda ya neme shi, yanzu dama ɗaya ta rage masa a wani darasi. A gida da tuni wani malami ya aika a kira shi ya yi masa faɗa. Sannan hukuncin ma ya fara sanyi. Franziska Giffey ta bar kujerar ministar iyali a Mayun 2021 saboda irin wannan zargi, wata jami'ar Berlin ta karɓe digirinta a watan Yuni, kafin shekarar ta ƙare kuma ta zama magajiyar garin Berlin.