Ku Riƙa Lura da Fitsarin Ƙannenku

Ni ɗan Anka ne, kuma duk wanda ya taso a yankinmu ya san shekarar 2010. A shekarar ce gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma ta Bukkuyum. Ana daka duwatsun zinariya a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar suna kai hannu baki. Likitocin MSF ne suka zo suka taimaka da magani.

Abin da aka fi tunawa shi ne jijjiga da suma, domin dalma na taɓa ƙwaƙwalwa. Ni kuwa tun da na fara karatun kiwon lafiya, ƙoda ce ta fi tsaya mini a rai, don ita ma dalma ba ta ƙyale ta.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace matata da siririn bututunta. A kullum ƙodojin babban mutum suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini. Bututan nan ne ke mayar da kusan dukkansa cikin jiki, tare da sukari da gishirin da ake buƙata, sai lita ɗaya da rabi kawai ta fita a matsayin fitsari. Aikin da yawa, shi ya sa suke saurin jigata.

Dalma takan ci su a hankali. Amma akwai masu kashe ƙwayoyinsu cikin 'yan kwanaki: amai da gudawa mai tsanani, zazzaɓin cizon sauro da ya yi ƙamari, zubar jini, da yawan shan maganin ciwo irin su diclofenac ba tare da izinin likita ba. Daga nan fitsari ya ragu ko ya ɗauke, fuska da ƙafafu su kumbura, dattin jini ya taru.

Abin farin ciki, bututan kan farfaɗo idan an kai mara lafiya asibiti da wuri, ko da sai an yi masa wankin ƙoda na ɗan lokaci.

'Yan uwana ɗalibai, daga Gummi har Bagega, ku ne ke goyon ƙanne bayan an tashi makaranta. Idan yaro na gudawa, ku haɗa masa ruwan gishiri da sukari. Idan ya wuni bai yi fitsari ba, ku gaya wa Inna a tafi asibiti a ranar, kada a jira gobe. Dutsen zinariya kuwa, kada ya shigo gida.