Kwamfutar Ɗalibi da Makullin Kamfani

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da manhajar Windows 10. Lamarin ya shafi Sakkwato fiye da yadda ake zato. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke rubuta kundayensu da su na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka Legas, su biyo mota zuwa Arewa. Irin waɗannan ba duka ne suka cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Mafita mafi sauƙi ita ce a goge tsohuwar manhajar a ɗora buɗaɗɗiya irin su Ubuntu, wadda ba a biyan ko kwabo. Sai dai da zarar an ambaci haka, akan ji wani ya tambaya ko doka ta yarda.

Tambayar tana da ban mamaki. Mai gyara zai ɗora wa mutum kwafin Windows da Office na sata a kan ɗan kuɗi kaɗan, ba wanda zai ɗaga gira. Abin da aka halatta kuwa shi ake ɗari-ɗari da shi.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, kuma ta jera manhajar kwamfuta a sahun ayyukan adabi, kafaɗa da kafaɗa da littafi da rubutacciyar waƙa. Abin da take karewa shi ne kwafa da rarrabawa da sarrafa aikin wani ba da izininsa ba. Gogewa ba kwafa ba ce. Wanda ya sayi kwamfuta ya mallaki ƙarfen. Manhajar da ya tarar a ciki kuwa izinin amfani kawai aka ba shi, tamkar ɗan haya, kuma ba a kama ɗan haya don ya tashi. Dokar ma ta yarda a kwafi manhaja idan gyaran na'urar ya buƙaci haka.

Ita buɗaɗɗiyar manhaja a kan wannan dokar take tsaye. Lasisin GPL da Richard Stallman ya fitar a 1989, wanda daga baya Linus Torvalds ya ɗora Linux a kansa, ya ce kowa na iya kwafa, ya gyara, ya rarraba, da sharaɗin duk wanda ya rarraba abin da ya gyara ya bayyana tushen rubutun, ya kuma bar wa na bayansa irin damar da ya samu. Manazarcin adabin ƙarni na sha tara ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shehu Usmanu ya yi waƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, aka sami "Tabbat Haƙiƙa" da ake rerawa har yau. Kowa ya ɗora a kan na gabansa ba tare da ya shafe sunansa ba. Bambancin shi ne, a da ladabin malanta ke tsare wannan amana, yanzu kuwa sharaɗi ne rubutacce da ake iya kai ƙara a kansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne makulli. Sashe na 50 na sabuwar dokar ya hana karya matakan fasaha da aka sanya don tsare aikin da ke da haƙƙin mallaka, tsarin da Amurka ta shimfiɗa tun 1998. An ga inda hakan ke kaiwa: a 2010 kamfanin Sony ya toshe damar ɗora Linux a na'urar PlayStation 3, a 2011 kuma ya maka George Hotz a kotu saboda ya buɗe ta. Kwamfutar ɗalibi ba ta cika shiga wannan tarko ba, domin makullin tashinta galibi ana iya kashe shi daga saituna, ita ma Ubuntu tana tashi ko yana kunne. Wayar hannu ce ta fi zuwa a garƙame.

Shari'ar da ta fi kusa da masu nazarin Hausa kuwa a kan madannai aka yi ta. A 2007, kamfanin LANCOR ya kai ƙarar ƙungiyar One Laptop per Child a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana zargin ta kwaikwayi fasalin allon madannansa na Konyin, wanda aka ƙera don buga haruffan harsunan Nijeriya. Ya nemi diyyar dala miliyan 20, kotu kuma ta dakatar da raba kwamfutocin, waɗanda Linux ce a cikinsu. Ke nan ba manhajar ce ta jawo rigimar ba, hanyar isa ga haruffa irin su ɓ da ɗ da ƙ ce. A yau Linux tana zuwa da tsarin madannan Hausa, kuma wanda bai gamsu da inda aka ajiye ƙ ba yana iya buɗe fayil ɗin ya sauya mata wuri. Zubin haruffa irin su Charis da Andika, masu ɗauke da ƙugiyoyin duka, su ma da buɗaɗɗen lasisi aka sake su.

Cikas ɗin da ɗalibi zai fi cin karo da shi a Dundaye ba ya cikin kundin doka. Mai duba aiki yana son fayil ɗin Word, shagon buga takardu da Word yake aiki, kuma babin da aka tsara da LibreOffice yakan iya zamewa da layi biyu ko uku idan aka buɗe shi a can, har jadawalin ƙunshiya ya saɓa da lambobin shafi. Ɗalibin da ya mayar da aikinsa PDF kafin ya kai shago ya tsira daga wannan, amma malamin da ke son yin gyara a cikin fayil ɗin ba zai karɓi PDF ba.