'Yar Caina Mai Batir Ɗaya

A 2006 na fara ganin iPod da idona, a hannun wani ɗan ajinmu a Jami'ar Bayero. Samfurin nano ce, wadda Apple ya fitar a watan Satumban 2005, siririya, tsawonta bai kai tafin hannu ba. Wansa ne ya aiko masa daga Ingila. Ya sa min farin iyafis ɗin a kunne na minti biyu, ya karɓe abinsa. Tun daga ranar na raina Walkman ɗina, wadda ta yi min hidima shekara huɗu, duk da cinye zaren kaset da take yi sai na sa biro na naɗe.

Wata biyar ina tari. Da kuɗin suka ɗan yi kauri na roƙi Yayana ya raka ni kasuwar Sabon Gari, don ya fi ni iya ciniki. Mai shagon da muka tsaya wurinsa dattijo ne. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce, "Samari, kana da kwamfuta?"

Na ce babu.

"To wuta fa, awa nawa take yi a unguwarku?"

Yaya ya kwashe da dariya. Dattijon ya yi min bayani a tsanake: iPod ba ta karɓar waƙa sai ta hanyar manhajar iTunes, kuma batirinta a ciki yake, in ya mutu sai caji. Ga farashinta ya ninka abin da ke aljihuna sau da yawa, ko da gwanjo ce. Sai ya jawo wata 'yar aba kamar laita, ƙirar Caina, sunan da ke jikinta ma ban taɓa jin sa ba. Ana cire murfinta a soka a kowace kwamfuta kamar filas, tana kama rediyon FM, tana ɗaukar murya. Abin da ya fi duka, batir ɗaya take ci, ƙarami irin na rimot, wanda ko a teburin mai kanti a bakin layi za ka samu.

Raina bai so ba. Na saya ne don Yaya ya ce, "Kai dai ɗauki wadda za ta yi maka magana ranar da garin ya yi duhu."

Ashe zaɓen na'urar ne mai sauƙi. Cikinta megabayit 256 ne, kuma waƙar MP3 ta minti ɗaya tana cin kusan megabayit ɗaya. Awa huɗu ke nan da 'yan mintuna, alhali iPod ta farko, ta 2001, waƙa dubu aka tallata tana ɗauka. Duk ranar Asabar sai in tafi shagon masu tura waƙa, in tsaya bayan yaron da ke kan kwamfuta muna lissafi kamar masu rabon gado. In na sa Bakandamiyar Shata, dole waƙoƙin Indiya biyu ko uku su fita. In na sa Ɗankwairo, sai wata waƙar fim ta ba shi wuri. Ɗan gilashinta layi biyu kawai yake nunawa, sunayen ma rabi lambobi ne, don haka na haddace jerin da ka: ta bakwai Ɗan Maraya ce, ta goma sha ɗaya ita ce wadda nake kashewa in Baba ya shigo. Yau wayata tana ɗauke da abin da ba zan iya saurara ba ko da zan shekara ina ji, amma ban san ko waƙa ɗaya a cikinta irin sanin da na yi wa waɗancan ba.

Da azumi ya zo, Inna ta gan ni da waya rataye a kunne. Ta ce, "Wannan abin naka yana karatu?" Na ce yana yi. Ta ce a sa mata Baƙara, ƙira'ar Husari. Surar kaɗai ta haura awa ɗaya nesa ba kusa ba. Na tsaya a shagon ina kallo ana goge min Indiya kaf, Shata kaɗai na yi wa ceto. Na ce aro ne zuwa Sallah.

Sallah ta wuce, Inna ba ta dawo da ita ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Kafin shekara biyu wayoyi masu memori sun cika kasuwar waya ta Farm Centre, na daina ma tunawa da ita. A watan Mayun 2022 na ji Apple ya daina ƙera iPod gaba ɗaya, ban taɓa mallakar ko ɗaya ba.

Bara, muna kwashe kayan ɗakin Inna, Allah Ya jiƙanta, ƙanwata ta tsinto 'yar Cainar a cikin kwalla, an naɗe ta da ƙyalle tare da carbi. Na aiki yaro ya sayo batir. Ta kama, daga tsakiyar Baƙara.